Gidan Nabame: Fadar Kabawa da Ta Zama Gidan Tarihin Kanta a Argungu

Duk wanda aka ce masa Argungu, kifi ne yake fara faɗo masa a rai. Ba laifinsa ba ne. Shekara da shekaru abin da rediyo ke faɗa wa duniya ke nan, shi ne kuma talabijin ke nunawa: dubban masunta sun ruga cikin gulbin Matan Fada da homa da gora, ruwa ya turɓune, an fito da giwan ruwa ana ɗorawa a sikeli. Amma a tsakiyar tsohon gari, daura da kasuwa, akwai wani gidan ƙasa da ya girmi bikin nesa ba kusa ba. Mutanen gari Gidan Nabame suke ce masa, a takarda kuwa sunansa Gidan Tarihin Kanta. Fada ne a da, makwancin sarakuna ne har yau, kuma tun ranar 1 ga Yuli 1958 ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son shiga. A ganina, wanda bai taka gidan nan ba, bai san abin da ake yi wa biki a bakin gulbi ba.

Akwai wata tambaya da nakan ji a bakin 'yan makarantar unguwarmu ta Badariya, a nan Birnin Kebbi. Me ya sa Sarkin Gwandu ne yake zaune a Birnin Kebbi, alhali ga garin Gwandu can yana nan daram? Me kuma ya sa Sarkin Kabi yake Argungu, ba birnin da ke ɗauke da sunan Kabi ba? Manya da yawa sukan kauce wa tambayar, wai kada a tono tsohuwar gaba. Ni ban yarda da wannan kaucewar ba, domin yaron da aka hana shi tarihi a gida zai tsince shi a bakin wanda zai murɗe masa shi. Amsar tana nan a gine da tubali, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Hanyar ma kanta karatu ce, don Ambursa da Alwasa, da ke tsakanin garuruwan biyu, kowannensu yana da nasa shafin a cikin labarin.

Dole a fara daga mutumin da aka sa wa gidan sunansa, ko da yake shi bai taɓa kwana a cikinsa ba. Muhammadu Kanta ya rigi gidan da shekara ɗari uku. Labarin baka ya ce daga Kuyambana ta ƙasar Katsina iyayensa suka fito, uwarsa 'yar Sarkin Katsina ce, kuma da wannan ne ake danganta wasan taubasantaka da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa. An ce ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna a dambe da kokawa kafin ya tara mayaƙa. Abin da ya shiga takarda kuwa, malamin Tambutu Abdurrahman Sa'adi ne ya rubuta shi a Tarikhus Sudan: Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka dawo aka saɓa a kan rabon ganima, sai ya ɓalle a wajajen 1516. Songhai a lokacin ita ce daula mafi ƙarfi a yammacin Sudan, ta aiko masa da runduna, rundunar ta koma ba ta yi nasara ba. Askiyoyin da suka biyo baya sun sake gwadawa, abin bai yiwu ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta tsakanin Songhai a yamma da Barno a gabas, tana karɓar gaisuwa daga ƙasashe masu nisa.

Fadama ce ta ba Kanta wannan ƙarfin. Gulbin da ya gangaro daga Rima, wanda a nan muke kira Gulbin Kabi, yana malala da damina ya cika kwari mai faɗi, ya bar tafkuna da laka da tsibirai. Dokin baƙo ba ya iya wannan ƙasa, kwalekwalen ɗan gida kuwa yana ratsa ta dare da rana. A nan ake samun shinkafa da kifi, wato abinci ba ya yankewa ko an kewaye gari. Kanta ya gina Surame da Gungu da Leka, kuma daga Leka ne zuriyar sarauta ta samu sunan Lekawa. Ganuwar Surame ta dutse da laka ce, zagaye bayan zagaye, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi maganar girman kufanta a littafinsa Infakul Maisuri, shekaru da yawa bayan an watse daga cikinta. Kanta ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16, bayan kibiya ta same shi a ƙasar Katsina yana dawowa daga yaƙi da Barno.

A wajajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya dawo nan Birnin Kebbi. Ƙarfin daular ya riga ya fara ja baya a lokacin, Zamfara da Gobir sun taso suna yagar ƙasarta. Duk da haka birnin ya yi shekara ɗari yana riƙe da sarautar, har watan Afrilu na 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci shi. Sarki Muhammadu Hodi ya fita da mutanensa ya yi arewa. Kafin shekarar ta ƙare aka gwabza a Alwasa, inda Kabawa da Gobirawa da Buzaye suka yi wa jama'ar Shehu Usmanu mummunar ɓarna, amma da suka bi su Gwandu aka kora su. Daga nan Gwandu ta zauna da gindinta, kuma da Shehu Usmanu ya raba gudanar da daula, yammaci ya faɗo hannun Malam Abdullahi.

Ina so in faɗi wani abu a nan kafin in wuce. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya ba baƙin Musulunci ba ne. Sunayen sarakunansu kaɗai sun isa shaida. Su a ganinsu sarautar kakanninsu suke karewa. Malaman jihadi kuwa a ganinsu addini suke tsarkakewa daga gauraye da tsafi da zaluncin sarakuna, kuma sun bar rubuce-rubuce da har gobe muke karatu da su. Jikokin ɓangarorin biyu yau sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, sun yi auratayya har ba a iya rabewa. Mutum yana iya girmama Malam Abdullahi a Gwandu, ya kuma girmama Nabame a Argungu, ba tare da ya ci amanar ɗayansu ba. Haka nake yi, haka kuma nake so 'ya'yana su yi.

Hodi ya yi shekara ashirin yana yaƙi daga gari zuwa gari har aka kashe shi a 1826. Ɗan'uwansa Samaila, wanda aka fi sani da Karari, shi ya karɓi tutar, ya mai da Argungu mazauninsa a wajajen 1827. Da gangan aka zaɓi wurin: gari ne a gefen fadama, ruwa yana kare shi ta ɓangare guda, bayansa kuma ƙasar Arewa ce da Zabarma, inda ake da abokan tafiya.

Sunan garin ma yana ɗauke da wannan zamanin. Abin da tsofaffi suka fi faɗa shi ne kira ne aka yi wa Kabawan da yaƙi ya warwatsa, aka ce a yi gungu, wato a taru wuri ɗaya, bakin mutane ya tauna maganar har ta koma Argungu. Wasu kuma suna duban kalmar gungu ta wata fuskar. A bakin mutanen kogi, tun daga Zabarma da Dandi har Yawuri, gungu tsibiri ne. Da shi aka sa wa Gungawa suna, kuma ɗaya daga biranen Kanta ma Gungu ne sunansa. Wanda ya ga Argungu a tsakiyar damina, ruwa ya shafe fadama sai tuddai sun leƙo, zai ga dalilin masu wannan fassarar. Ni na fi karkata ga cewa ta biyun ta fi tsufa, ta farkon kuma ta fi zama a zukatan mutane saboda ita ce take faɗin abin da ya same su. Shi ma sunan Kabi akwai masu danganta shi da Ka'aba, irin yadda garuruwan Hausa da dama suke kai asalinsu gabas. Rubutun Kebbi da muke gani a allunan gwamnati kuwa kunnen Bature ne ya kawo shi. Bakabe bai taɓa ce wa kansa wani abu ba sai Bakabe.

Zaman Karari a Argungu bai yi tsawo ba. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka kewaye garin har ya buɗe ƙofa. Karari ya tsere yamma, aka bi shi aka cim masa, kuma labarin da aka gada ya ce da ya ga ba mafita sai ya sauka daga doki, ya zauna a kan garkuwarsa, ya jira ajali. Ɗansa Yakubu Nabame ya faɗa hannu, aka kai shi Sakkwato, ya zauna a can kusan shekara 18. Ba a kurkuku ya yi su ba, a fada ya yi su, yana fita yaƙi tare da waɗanda suka ci mahaifinsa. A ɗaya daga yaƙoƙin da aka yi da Gobirawa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai Sarkin ya saka masa da izinin komawa gida. A 1849 Nabame ya yi tawaye, aka naɗa shi Sarkin Kabi a Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Tun daga wannan shekarar ba a sake cin Argungu da yaƙi ba.

Shekarar da aka saba ba gidan ita ce 1831, kuma sunan Nabame ake haɗawa da ginin. Mai bin jerin sarakuna zai lura cewa 1831 ita ce shekarar da Karari ya faɗi, sarautar Nabame kuwa daga 1849 ta fara zuwa 1854 da aka kashe shi a fagen fama. Wanda ya san ginin ƙasa ba zai ga abin mamaki a nan ba. Gidan sarki ba a gina shi rana ɗaya a gama. Uba ya kafa zaure, ɗa ya ƙara soro, jika ya rushe katanga ya faɗaɗa, kowace shekara kuma magina su yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne a wannan gida sarautar Kabi ta sake tsayawa bayan ta yi shekaru tana yawo, kuma mutumin da ya tsai da ita shi jama'a suka ba gidan sunansa.

Shekara hamsin da suka biyo baya, gidan fadar yaƙi ne. A zaurensa ake shawarar hari, a ƙofarsa ake buga tambari, nan ake kawo labarin wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya tarar hanyoyin yamma duk ba su biyuwa sai da tsoro, tsohon birnin kuma kufai ne, mutane sun takure a wani ƙaramin gari a gefensa. Yusufu Mainasara, wanda ya gaji Nabame, an kama shi an kashe a 1859. Shekara ɗaya bayan haka Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a Tilli. Daga nan sarakunan Gwandu suka koma zama a Ambursa, don su tsare bakin gulbi, ido da ido da Argungu. Sai a zamanin Abdullahi Toga aka samu numfashi, aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875. Shekara takwas kacal, amma har yau sunanta bai ɓace ba, abin da ke nuna yadda talakawan ɓangarorin biyu suka gaji da kwana da baka a hannu.

Sarkin da ya fi daɗewa a gidan a wancan zamani shi ne Samaila ɗan Nabame, wanda ake kira Sama, daga 1883 zuwa 1915. Shi ya tare babbar rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1892 ya mai da ita baya. Shi ne kuma ya ga zuwan Turawa. Faransawa sun biyo ta yamma, Ingilishi ta kudu, kuma Sama ya zaɓi ya karɓi Ingilishi ba tare da faɗa ba. A 1902 sojansu suna zaune a Argungu, a watan Maris na 1903 Sakkwato ta faɗi. Wannan zaɓin ya tsirar da sarautar, amma bai tsirar da ƙasar duka ba, domin iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta raba Arewa da Dandi gida biyu, abokan yaƙin Kabi da yawa suka tsinci kansu a ƙasar da yau ake kira Nijar. A 1906, bayan tawayen Satiru, Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, suka naɗa wani Haliru, mazaunin sarautar kuma ya dawo Birnin Kebbi. Ga amsar tambayar yaran Badariya ke nan. Yaƙi ya fitar da Sarkin Kabi daga birninsa a 1805, mulkin Turawa ya zaunar da Sarkin Gwandu a cikinsa shekara ɗari bayan nan.

Bindigar Bature ta tsai da yaƙin, amma ba ta wanke zukata ba. Wannan sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako Argungu da kansa, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Ba a taɓa yin haka ba. Sai aka tsaya shawarar abin da za a nuna wa baƙo mai wannan daraja. Hawan dawaki da kaɗa takobi, a tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi shekara ɗari suna sarar juna, zai tuno abin da ake son mantawa. Kabawa suka zaɓi ruwa. Suka kira masunta, aka shiga gulbi, aka nuna wa Sarkin Musulmi sana'ar da aka gada tun kafin Kanta. Al'adun ruwan kansu tsofaffi ne, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda Sarkin Ruwa da Homa suke jagoranta kafin a buɗe kamun kifi. Abin da ya zama sabo a 1934 shi ne mai da su shaidar sulhu. Kuma daga wannan gidan na Nabame aka fita tarbar baƙon, domin a lokacin shi ne fada.

A 1942, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Sani, aka gina sabuwar fada irin wadda ta dace da ofis da akawu da mota, sarauta ta tashi ta koma can. A garuruwa da yawa nan ne ƙarshen tsohon gida yake zuwa: a bar shi damina uku ba yaɓe, azara ta ruɓe, soro ya rufta, a raba filin. Gidan Nabame ya tsira saboda akwai kaburbura a cikinsa, ba kuma wanda zai bar ruwa ya ci makwancin iyayensa. Sai kuma aka yi sa'a zamani ya zo da sha'awar adana kayan tarihi. An buɗe gidan tarihi a Esie a 1945, na Jos a 1952, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, na Legas ya buɗe a 1957. Argungu, ƙaramin gari a ƙuryar arewa maso yamma, ta shiga wannan sahun a 1958, zamanin Sarki Muhammadu Shefe, shekara biyu kafin a samu 'yancin kai. Sa masa sunan Kanta magana ce da aka yi da gangan: sarautar da ke Argungu ita ce dai ta Surame, ba ta yanke ba.

An raba cikin gidan kashi 11. Abin da ya fi kama ido tun daga zaure shi ne ginin kansa. Bangon yana da kauri har zafin bazara ba ya ratsa shi. Ka shigo daga rana mai ƙuna, sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara, ƙirar giginya da gara ba ta iya ci, an ɗora wannan kan wancan ana matsowa tsakiya har rufin ya haɗe, ba ƙusa ba siminti. Ƙofofin gajeru ne, dole mai shiga ya sunkuya, kuma a gidan da aka gina lokacin yaƙi wannan ba ladabi kaɗai yake koyarwa ba.

A ciki akwai masu da takubba, baka da kwari, garkuwa, bindigogin gargajiya, tambura, layu da guraye, da kayan su. Na daɗe tsaye gaban sulke. Daga nesa riga ce kawai mai duhu, sai ka matso ka ga zobba ne ƙanana na ƙarfe, kowane an sarƙa shi cikin maƙwabtansa, dubbai a riga ɗaya, kuma wani mutum ne ya zauna ya haɗa su da hannu. Ka tuna a watan zafi ake fita yaƙi, bayan an kwashe amfanin gona, ka ƙiyasta nauyin wannan ƙarfe a jikin mahayi da rana tsaka. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga jikansa ya miƙa hannu, sai ya ce, "Kai, yaro, kallo aka yi, ba a taɓawa. Kakanninka sun sha wuya cikin wagga riga." Yaron ya janye hannu ya ce, "To, Baba," bai kuma ɗauke ido daga kanta ba. Layun da ke wurin su ma ban ga dalilin ɓoye su ba. Su ne shaidar abin da malaman jihadi suke suka, su ne kuma shaidar tsoron da ɗan Adam yake ji idan zai fuskanci kibiya mai dafi. Gidan tarihin da ya cire abin da ba ya so a gani ya zama gidan kirari.

Sashen kaburbura kuwa ba wurin kallo ba ne kamar sauran. Nan murya take sauka da kanta, mai hula ya gyara ta, a ɗaga hannu a yi wa mamata addu'a. Wannan ne ya bambanta Gidan Nabame da yawancin gidajen tarihin ƙasar nan, inda ake tara kaya daga wurare dabam-dabam a zuba a gilashi. Nan kayan a gidansu suke, masu su ma suna kwance a gefe, zuriyarsu kuma tana kan gadon sarauta a cikin gari. Muhammadu Mera ya yi sarauta daga 1959 zuwa 1996, ɗansa Samaila Muhammadu Mera ya gaje shi. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Argungu da Augie da Arewa da Dandi, kuma ɗaya ce daga masarautu huɗu na jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, tare da Gwandu da Yawuri da Zuru.

Garin da ke kewaye da gidan ya bunƙasa ta hanyoyin da Nabame bai yi mafarkinsu ba. Bikin kamun kifi ya tashi daga na gida ya zama na duniya, musamman tun 1970 da Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar. Aka ƙara masa wasannin Kabanci na tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa, da nunin amfanin gona, aka gina masaukin baƙi a bakin gulbi. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. A ƙarshen 2016 UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya da ake tattali. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke horar da malamai, akwai babban asibiti, kuma a 2017 aka buɗe katafaren kamfanin gyaran shinkafa na WACOT, bayan shirin ba manoma rance da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Fadamar da ta ciyar da mayaƙan Kanta ita ce yanzu take aika shinkafa har Legas.

Sai dai bikin ya nuna mana rauninsa. Bayan 2009 shekara goma aka yi ba a shiga ruwa ba, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa a gulbin, sai a watan Maris na 2020 aka dawo. Madatsun Bakolori da Goronyo sun canza yadda ruwa ke zuwa fadama, wata shekarar ya yi ƙaranci, wata kuma ya zo da ambaliya irin ta 2010 da ta 2020. A duk tsawon shekarun nan da ba ganga ba baƙi, Gidan Nabame bai rufe ba. Biki kwana huɗu ne idan an yi shi, gidan kuwa yana nan rani da damina, amma idan ana maganar kuɗi da talla da gyara, bakin gulbi ake fara dubawa.

Ginin ƙasa ba abin da yake so kamar hannu. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fita kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci, an mai da aikin biki. A Gawo kabarin Askiya Muhammadu, mutumin da Kanta ya yi wa tawaye, yana tsaye tun 1495, kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2004. Surame kuwa, wadda aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1964, tana can cikin daji a Jihar Sakkwato, 'yan Kebbi kaɗan ne suka taɓa ganin ganuwarta. Ina so in ga an sa ranar yaɓen Gidan Nabame a cikin kalandar masarauta, tsofaffin magina a gaba matasa a baya, don sanin haɗa ƙasa da ɗaurin azara ya wuce zuwa wasu hannuwan; siminti idan aka shafa wa bangon ƙasa riƙe danshi yake yi, ya cinye shi ta ciki. Ina so a rubuta bayanin kowane mashi da kowane tambari da Hausa, a boko da ajami, a kuma naɗi muryar dattawan da suka san wane sarki ne ya riƙe wanne, tun suna raye. Makarantun Birnin Kebbi kuma, na gwamnati da na kuɗi da islamiyyu, su riƙa ɗaukar mota ɗaya a zango su kai yara Gwandu da safe su ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, da yamma su kai su Argungu.